Labarin Sunayen Ilmin Balaga da Waɗanda Suka Raɗa Su

Da sunan Allah na fara. Godiya ta tabbata gare Shi, Shi da Ya ba ɗan Adam harshe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana almajirai, dalilin wannan takarda, wani ɗalibi ne ya zo mini da littafin Abu Ubaida, Majazul Ƙur'ani, ransa a ɓace. Ya ce ya haddace Jauharul Maknun tun daga farko har ƙarshe, ya san majazi shi ne kalmar da aka ɗauke daga ma'anarta ta asali aka kai ta wata saboda alaƙa, tare da alamar da ta ke hana nufin ta farkon. Ga shi wannan malami yana ambaton majazi a wuraren da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya ce, Malam, shi ne ya yi kure ko mai kwafi? Na ce masa babu wanda ya yi kure, kai ne ka auna hatsin wata kasuwa da mudun wata. Tsakanin littattafan nan biyu akwai shekara fiye da 700. Saboda haka na yi nufin in rubuta yadda sunayen nan suka samu. Inda na sa lissafi biyu, na farko na Hijira ne, na biyu na Miladiyya.

Ku sani Larabawan Jahiliyya sun yi waƙa, sun yi huɗuba, suna kamantawa, suna aro, suna zagaye, ba tare da an yi wa waɗannan babi ba. Haka tsohuwa a ƙauye za ta ce maka gidan wane tukunya ba ta sauka daga murhu, tana nufin karimi ne, alhali ba ta taɓa jin an ce kinaya ba. Abu biyu suka tilasta wa malamai raɗa sunaye. Na ɗaya, tambayoyin da aka riƙa yi a kan lafazin Alƙur'ani sa'ad da Ajamawa suka yawaita cikin Musulunci. Na biyu, gardama a kan waƙa, tsakanin masu son ta mutanen da da masu son ta zamanin Abbasiyawa.

An ruwaito cewa Abu Ubaida Ma'amaru ɗan Musanna, mutumin Basra, ya je Bagadaza a shekara ta 188 (804), ya zauna a majalisar waziri Fadlu ɗan Rabi'u. Wani magatakarda ya tambaye shi ayar Suratus Saffati inda aka kamanta 'ya'yan itacen zaƙƙumi da kawunan shaiɗanu. Ya ce ai da abin da aka sani a ke tsoratarwa, wa ya taɓa ganin kan shaiɗan? Abu Ubaida ya amsa masa da cewa Allah Ya yi wa Larabawa magana bisa yadda su ke magana, ya tuna masa Imru'ul Ƙaisi ya kamanta tsinin makaminsa da fiƙoƙin dodanni, alhali babu wanda ya taɓa ganin dodo. Mu ma mukan ce mummuna kamar dodo, kowa ya gane. Daga nan ya ƙudurta yin littafinsa. Amma majazi a bakinsa hanya ce, wato hanyar da za a bi a fahimci lafazi, kusa da abin da mu ke kira tafsiri. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu 728 (1328), ya faɗakar a kan wannan a cikin Kitabul Imani, yana kafa hujja da shi bisa cewa raba magana zuwa haƙiƙa da majazi abu ne da ya zo daga baya. Mafi yawan malamai sun karɓi rabon, ni ma a kansa na yi karatu. Amma abin da ya faɗa game da nufin Abu Ubaida gaskiya ne.

Sa'an nan Jahizu, wanda ya rasu 255 (869), ya yi Albayanu wat Tabyinu. Taska ce, sai dai taskar da ba a jera kayanta ba, yakan fara magana a kan gajartawa ya ɓulle ga labarin sanda.

Fasali. Wanda ya fara keɓe littafi domin ƙidaya adon magana ɗan sarauta ne, Abdullahi ɗan halifa Mu'utazzu. Ya rubuta Kitabul Badi'i a 274 (887). A lokacin mutane suna cewa Bashsharu da Muslimu ɗan Walidu da Abu Nuwasi da Abu Tammamu sun zo da wani sabon abu a waƙa, shi ya sa aka kira shi badi'i, wato sabo. Ibnul Mu'utazzi ya tashi ya nuna ba sabo ba ne, yana cikin Alƙur'ani da Hadisi da waƙar mutanen da. Abin da na baya suka yi, sun yawaita shi ne, Abu Tammamu kuwa har ya wuce wuri, gishiri ya fi miya. Dubi abin mamaki, ilmin da a ke kira sabo, littafinsa na farko an yi shi ne domin a ce tsoho ne.

Ya kafa asali biyar. Isti'ara, wato aro, kamar ka ce na ga zaki bisa doki riƙe da mashi, doki da mashi su ne suka gaya maka ba na dawa a ke nufi ba. Tajnisi, kalma biyu masu kama a lafazi su saɓa a ma'ana, kamar yaro ya zauna gindin kuka yana kuka. Muɗabaƙa, haɗa abu da kishiyarsa, kamar ya shiga da dariya ya fito da hawaye. Mayar da ƙarshen magana ga farkonta, kamar haƙuri na zo saye, ashe babu mai tsada a kasuwar nan sai haƙuri. Na biyar mazhabul kalami, kawo hujja cikin magana irin ta masu ilmin kalami, sunan kuwa daga Jahizu ya karɓe shi. Daga baya ya ƙara waɗansu goma sha wani abu, ya kira su kyawawan magana, a cikinsu ya sa tashbihi da kinaya. Ku lura da wannan, domin a karatunmu na yau isti'ara da tashbihi da kinaya duk a ilmin bayani su ke, a wurinsa kuwa isti'ara ita ce shugabar badi'i. An naɗa shi halifa a 296 (908), ya yi yini da kwana a kan mulki, mutanen Muƙtadiru suka rinjaya aka kashe shi. Allah Ya jiƙansa.

Ƙudama ɗan Ja'afaru, mai Naƙdush Shi'iri, wanda ya rasu 337 (948), ya ƙara rikita almajirai. Haɗa kishiyoyi shi takafu'i ya kira shi, sunan muɗabaƙ kuwa ya ba wani nau'i na tajnisi. Wanda ya karanta shi da sunayen Talhisu zai ɗauka dare rana ne. Abu Hilalil Askari a cikin Assina'ataini, wanda ya gama 394 (1004), ya kai nau'o'in badi'i 35.

Fasali. A nan zan daɗe kaɗan, domin a ganina duk ilmin nan a hannun mutum ɗaya ya nuna, shi ne Abdulƙahir mutumin Jurjan, wanda ya rasu wajen 471 (1078), mai Dala'ilul I'ijazi da Asrarul Balaga. Masanin nahawu ne. Tambayarsa ita ce, da me Alƙur'ani ya gagari Larabawa, alhali kalmominsa su ne kalmominsu? Ya ce ba a kalma ɗaya ita kaɗai fifiko ya ke ba, a nazmu ya ke, wato jera kalmomi bisa ma'anonin nahawu gwargwadon abin da mai magana ya ke nufi. Zare ɗaya ne a hannun masaƙa biyu, wannan ya fid da saƙi na sarki, wancan ya fid da abin da ba a kai kasuwa.

Ku gwada da harshenmu. Na kira ka, da kai na kira, kalmomin ɗaya ne. Na farko labari ne kawai. Na biyu yana cewa ba waninka ba, kuma ba a faɗinsa sai inda wani ya zaci da shi a ke. Ya kawo labarin Kindi, mai falsafa, da ya ce da malamin lugga Abul Abbasi ya ga ciko a maganar Larabawa, suna faɗin abu ɗaya ta fuska uku. Aka amsa masa cewa uku ɗin ba ɗaya ba ne. Misalinsa a wurinmu, ruwa ya sauka, ga wanda bai san komai ba. Lalle ruwa ya sauka, ga mai tambaya yana shakka. Wallahi lalle ruwa ya sauka, ga mai musu. Wanda ya yi wa maras musu rantsuwa ya ɓata magana, ko da i'irabinsa ya inganta. Haka nan ya yi bayanin ma'anar ma'ana. Tukunyar nan ta tsohuwa, lafazi ya kai ka ga yawan girki, yawan girki ya kai ka ga yawan baƙi, yawan baƙi ya kai ka ga karamci. Duk da wannan zurfi, bai raba ilmin kashi uku ba, yana faɗin bayani da badi'i da fasaha da balaga ba tare da ya gina katanga a tsakaninsu ba.

Katanga Sakkaki ne ya gina ta, mutumin Hawarizmu, wanda ya rasu 626 (1229). A kashi na uku na Miftahul Ulumi ya ware ma'ani daban, bayani daban, ya sa adon magana a bayansu kamar jela. Badruddini, ɗan Ibnu Maliki mai Alfiyya, wanda ya rasu 686 (1287), shi ya mai da badi'i ilmi na uku a cikin Almisbahu. Ƙazwini, mai huɗubar Dimashƙa, wanda ya rasu 739 (1338), ya taƙaita a Talhisul Miftahi, Taftazani ya yi masa sharhi biyu, Muɗawwal da Muhtasar. Daga nan sunaye suka zauna yadda kuka san su. Ba na zargin waɗannan malamai, in ba don su ba da almajiri bai sami abin riƙewa ba. Amma sun shigo da ma'aunin manɗiƙi da yawa, har ɗalibi ya kan yi wata guda yana gardama a kan iyakar isti'ara bai ji daɗin ko baiti ɗaya ba. Badi'i kuwa ya yi ta haihuwa, har Safiyyuddinil Hilli ya yi waƙar yabon Annabi mai baiti fiye da 140, kowane baiti da nau'insa.

Ta wannan hanya ilmin ya iso ƙasarmu. Suyuɗi, wanda ya rasu 911 (1505), ya waƙe Talhisu a Uƙudul Juman. Abdurrahmanil Ahdari na ƙasar Aljeriya ya yi Jauharul Maknun a 950 (1543), shi ne dai mai Ahalarin nan da yaranmu su ke fara fiƙihu da shi, da yawa ba su san mutum ɗaya ne ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu 1245 (1829), ya ambaci Talhisu da Jauharul Maknun cikin abin da ya karanta, a littafinsa Ida'un Nusuhi. Littattafan Jurjani su kansu sun daɗe ba su yawo a hannun almajirai, har a Masar, sai da Muhammadu Abduhu ya karantar da su a Azhar, Rashidu Rida ya buga Asrar a 1902, Dala'ilu a 1903. Kitabul Badi'i kuwa wani masani ɗan Rasha ne ya buga shi a Landan a 1935.

Ni kaina na faɗa ramin da ɗalibin nan ya faɗa. Ina saurayi, na haddace Jauhar, malaminmu, Allah Ya yi masa rahama, ya ji wata mai tallar fura tana cewa da wani, kai na ba bashi. Ya juyo ya ce mini, don me ta gabatar da kai? Na zuba masa baitin babin gabatarwa ban yi tuntuɓe ba. Ya ce, wannan na Ahalari ne, ina naka? Na yi shiru. Ya ce wani ne ya zo biya a madadinsa, ita kuwa ba ta yarda ba. Na leƙa, haka abin ya ke.

Raɗin suna bai ƙare ba. 'Ya'yanmu masu karatun Hausa a jami'a suna da nasu a ƙarƙashin adon harshe, kamar kamantawa da siffantawa da mutuntarwa. Sunaye ne masu kyau, amma kada ku ɗora su a kan namu kai da kai. In sun ce wane zaki ne, siffantawa ce a wurinsu, waɗansu kuwa sai su fassara ta da isti'ara. A wurin mafi yawan malamanmu wannan tashbihi ne baligi, domin an ambaci mutumin an ambaci zakin, kamar ɗin kawai aka shafe tare da fuskar kama. Ba ya zama isti'ara sai an ɓoye ɗayansu.

Nan na tsaya. Wanda ya kwafi takardar nan ya kula da lissafin shekaru, domin a nan alƙalami ya fi zamewa. Allah ne Mafi sani.