Tsani Mai Hawa 21: Yajin Aikin Ma'aikatan Gidan Waya na Amurka a 1970

Da daren 17 ga Maris, 1970, masu raba wasiƙu na birnin New York suka taru a wani zaure da ke Manhattan, suka kaɗa ƙuri'a kan shiga yajin aiki. Mutum 1,555 suka amince, 1,055 suka ƙi. Doka ta haramta wa ma'aikatan gwamnatin tarayya yajin aiki, shugabannin ƙungiyarsu na ƙasa ma ba su ba da goyon baya ba. Duk da haka, washegari suka ajiye jakunkunansu.

Abin da ya kai su bango shi ne tsarin albashin kansa. Sabon ma'aikaci yakan fara da dala 6,176 a shekara, sai ya shafe shekara 21 yana aiki kafin ya kai matakin ƙarshe na dala 8,442. Wato ƙuruciyar mutum takan ƙare yana kan tsani. Majalisar dokoki ce kaɗai ke yanke albashin, ƙungiya ba ta da hurumin ciniki, sai dai roƙo. Ga shi kuma a 1969 'yan majalisar sun ƙara wa kansu kashi 41 cikin ɗari.

Cikin 'yan kwanaki yajin ya bazu zuwa wasu birane, ma'aikata kimanin 200,000 suka shiga. A zamanin da kuɗin fansho da takardun banki ke bi ta gidan waya, harkoki suka tsaya cik. Ranar 23 ga Maris Shugaba Richard Nixon ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya tura sojoji New York su raba wasiƙu. Nan aka gane cewa tantance wasiƙu ƙwarewa ce da ba a koyonta a yini ɗaya.

Bayan kwana takwas aka koma aiki. Ma'aikata suka samu ƙarin kashi 6, daga baya wani kashi 8. Dokar sake fasalin gidan waya da Nixon ya sa wa hannu a Agustan 1970 ta ba ƙungiyoyi ikon ciniki kan albashi, aka kuma rage shekarun hawa tsani daga 21 zuwa 8. Tsadar rayuwa takan cinye ƙarin kuɗi, amma shekara 13 da aka yanke ta amfani duk wanda aka ɗauka aiki a ƙarƙashin sabon tsarin.

Haramcin yajin aiki kuwa yana nan har yau. Idan ciniki ya cije, masu sasanci ne ke yanke hukuncin da ya hau kan kowane ɓangare.