Sauyin Yanayi da Ƙaurar Malam-buɗe-littafi a Arewa Maso Yammacin Jigawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko ma'aunin da masanan Turai ke bi wajen gane ƙaurar malam-buɗe-littafi zai yi aiki a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Matsayarta ita ce, a wannan yanki damina da ganyen da tsutsarsa ke ci su ya kamata a fara aunawa kafin zafi.

Gabatarwa

A 1999 Camille Parmesan da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature nazarin nau'i 35 na Turai waɗanda ba su yin ci-rani. Kashi 63 cikin ɗari sun matsa arewa da kilomita 35 zuwa 240, kashi 3 kacal suka yi kudu. A can sanyi ne ya tare su, da ya sassauta suka samu hanya. Mu kuwa arewacinmu hamada ce. Wanda ya ɗauko wancan sakamako ya ɗora wa Babura, ya yi aron rigar da ba ta dace da jikinmu ba.

Ruwan sama da abincin tsutsa

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun janye iyakar wadataccen ruwa kudu da fiye da kilomita 100 a faɗin Sahel. Ruwa ya ɗan dawo daga shekarun 1990, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Christopher Taylor da abokansa sun nuna a 2017 cewa manyan hadura sun ninka sau uku tun 1982. A zuba kamar da bakin ƙwarya, sannan a ɗauke kwana da kwanaki. Ga tsutsar da ta ƙyanƙyashe a kan tafasa, wannan ɗaukewar ita ce ajalinta.

Kowane nau'i da tsironsa. Danaus chrysippus tumfafiya yake bi, ita kuma gajiyayyar ƙasa take so, don haka yawansa a gona yana iya zama shaidar lalacewar ƙasa. Catopsilia florella na dogara da tafasa da rai-ɗore, Belenois aurota da dangin Colotis kuma anza da jiga da bagayi, itatuwan Sahel sosai. Idan waɗannan na ƙarshe suka fara rinjaye a duwatsun Roni da Kazaure, to Sahel ce ke matsowa.

Lamarin ma ya wuce iyakarmu. Vanessa cardui kan ƙetare Sahara tsakanin Turai da Afirka ta Yamma, kuma binciken Gao Hu da abokansa na 2021 ya danganta yawan waɗanda ke isa Turai da koren tsirran da aka samu a dazuzzukanmu.

Hanyar bincike

Tsarin Ernest Pollard, wanda Birtaniya ke bi tun 1976, ba ya cin kuɗi: a ware hanya guda, a riƙa binta kowane mako ana ƙirga abin da aka gani. A nan sai a haɗa bakin dam ɗin Kazaure, duwatsun Roni, gonakin Gwiwa da jigawar Babura, a riƙa rubuta ruwan da ya sauka da tsirran da ke wurin, tare da littafin Torben Larsen na 2005 don tantance nau'i.

Inda na fi jin tsoro shi ne a ɗora wa yanayi laifin da ba nasa ba. Saran itace, faɗaɗa gonaki da feshin wake duk suna kashe tsutsa. Ko shingen darbejiya da ake dasawa don tare hamada ba ya maye gurbin anza da jiga. Saboda haka dole kowace hanyar ƙirga da ta ratsa gona ta samu takwararta a makiyaya, ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu da na jami'ar fasaha ta Babura kuma su riƙe aikin aƙalla damina goma a jere.