Daga Kibiya Zuwa Kafso: Tarihin Jinyar Miki a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

A farkon shekarar 1818 mayaƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka ci garin Kware, inda Malam Abdussalami, mutumin Gimbana, ya yi tawaye. Abdussalami bai mutu a fagen fama ba. Ya fita da rauni a jikinsa, ya nufi Zamfara, ya isa Bakura, a can ajali ya cim masa. Ɗansa Buhari shi ne ya kafa garin Jega wajen shekarar 1820, da yardar Gwandu. Masu tarihi sukan kawo labarin nan domin bayyana rikicin da Daular Usmaniyya ta shiga bayan rasuwar Shehu, amma a cikinsa akwai wani abu da ya shafi likitanci, watau a zamanin nan wanda ya fita daga yaƙi da miki a jiki bai tsira ba tukuna, sai an ga abin da kwanaki za su yi.

Ba yaƙi kaɗai ke kawo miki ba. Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ƙasar noma ce da fadama, Gulbin Zamfara ya ratsa ta, kuma fatake masu zuwa Gwanja fataucin goro sun daɗe suna yada zango a Jega. Manomi a ƙauye kamar Gumbin Kure yana wuni ba takalmi tsakanin ƙaya da kututture, fartanya ta sare shi, lauje ya yanke shi, jaki ya harbe shi. Masu jinyar irin wannan rauni sanannu ne, kowa da fanninsa: wanzami, da maɗori, da boka, da tsofaffin mata a cikin gida. Malamai ma ba su bar fagen ba, domin Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan lafiyar jiki, Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai a kan ciwon ido da basur da wasu cututtuka.

Kuskure ne babba a ɗauka cewa mutanen nan lalube suke yi a cikin duhu. Garin bagaruwa da ake barbaɗa wa miki, har da na kaciya, yana ɗauke da wani sinadari mai tsuke nama, wanda shi ne dukawa ke jima da shi, saboda haka yakan tsai da jini ya busar da miki. Zuma tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har likitocin zamani sun koma amfani da wadda aka tace musamman don ɗaure miki. Sakiya kuwa, watau a sa ƙarfe a wuta a huda kumburi don mugunya ta fita, tushenta daidai yake da na likitan fiɗa, cewa mugunya ba ta da magani sai a ba ta ƙofa. Game da kibiya mai dafin kwankwani, mayaƙa sun san gaggawa ake bukata, don dafin nan zuciya yake tsayarwa. Dakta Dalziel, likitan Gwamnati wanda ya tattara sunayen itatuwan Hausa ya buga su a 1916, ya tarar da ilmi mai yawa a hannun mutanen karkara.

To, amma duk wannan ilmi na abin da ido ke gani ne. Hannun da ya barbaɗa bagaruwa shi ne wani lokaci yakan damtsi ƙasa ko toka ko kashin shanu ya toshe miki, sa'an nan a naɗe da tsumman da aka samu kusa. Ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Abin da ya ɓoye ta shi ne jinkirinta: daga kwana 3 zuwa 21 take yi kafin muƙamuƙi ya ƙage, jiki ya sandare. Kafin nan wataƙila mikin ya kama hanyar warkewa, an ma manta da shi, sai a ce iska ce ta buge mutum ko kuwa sammu aka yi masa. Jarirai da yawa ta cibiya suka tafi a kan wannan.

Kada a ce jahilcin baƙar fata ne. A shekarar da Abdussalami ya rasu, likitocin Landan da Faris ba su fi wanzamin Gimbana sanin dalilin ruɓar miki ba, har ma suna murna in sun ga mugunya, suna ɗaukarta alamar sauƙi. Sai a 1867 Josef Lista, likitan fiɗa a Gilasgo, ya nuna cewa in aka wanke miki da hannu da kayan aiki da ruwan kabolik, masu karaya mai miki sukan rayu ba tare da an yanke musu ƙafa ba. Alekzanda Filemin ya gano penisilin a 1928, amma bai wadatu a asibitoci ba sai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, asibitocinsu na farko na soja ne da ma'aikata. Talakan ƙauye bai ga maganin Bature sosai ba sai da En'e ta fara gina ƙananan ɗakunan shan magani, kuma cikin abubuwan da suka fi cika layi a ƙofar malamin asibiti akwai gyambo. Gyambo yakan fara ne daga ɗan ƙwarzane a ƙwauri ko idon sawu, galibi da damina, ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye su haɗu a cikinsa, cikin mako kaɗan ya buɗe ya yi zurfi, ga zogi, ga ɗoyi. Ya fi kama wanda abincinsa bai isa ba. In ya shekara da shekaru yakan ci har ƙashi, wani ma ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Mai gyambo ba ya sakewa a cikin sahu, ba ya samun aure da sauƙi, ƙuda na biye da shi duk inda ya zauna. Malamin asibiti ba shi da wani abin mamaki: ruwan wanki, da aidin, da auduga, da bandeji, da kuma naciya, kullum a zo a wanke a sāke ɗauri. Daga baya ƙwayar Em-an-bi da allurar penisilin suka iso, suna warkar da abin da a dā yakan ɗauki watanni. A nan ne jama'a suka ɗauki rabin karatu, suka riƙe allura, suka manta da wankin.

Labarin kurkunu ya isa ya gyara wannan fahimta. Tsutsar nan, mai tsawon kusan mita ɗaya, takan fito ne kimanin shekara guda bayan mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da ƙwayayenta. Takan huda fata a ƙafa da raɗaɗi kamar wuta, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Ba tsutsar ce ke gurgunta mutum ba, mikin da ta buɗe ne, in ya ruɓe ko kuwa ta tsinke a ciki, gwiwa ta ƙage, wani ma tetanos ya shige shi, kuma duk a tsakiyar aikin gona. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da ita. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da wanke miki a ɗaure shi don kada mai shi ya shiga tafki, da yawon da Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Jimi Kata suka yi na faɗakarwa, aka kai ga mutum na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a Disamba 2013.

Aliero kuwa, ban da albasa, ta yi suna da ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ake kawo masu karaya. Sana'a ce ta gado, kuma ba a yin irin wannan suna a banza. Sai dai karayar zamanin babur da mota ba irin ta faɗowa daga jaki ba ce. Sau da yawa ƙashi yakan huda fata ya fito, ƙasar titi ta shiga ciki. Irin wannan karaya miki ce kafin ta zama karaya, bukatarta ta farko wanki ne a ɗakin fiɗa cikin sa'o'in farko, da allurar tetanos, da maganin ƙwayoyin cuta. In aka rufe ta da kara aka tamke, ko a Aliero ne ko a wani gari, kumburi ya rasa wurin zuwa, jini ya yanke, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙarshenta sai yanke ƙafa a Birnin Kebbi ko Sakkwato. Maɗorin da ya san aikinsa shi ne wanda in ya ga jini da ƙashi a waje yakan ce a wuce asibiti tukuna.

Abin da ilmin yau ya tsaya a kai ba shi da tsada. A wanke hannu, a danne miki da tsabtataccen ƙyalle har jini ya tsaya, a kwarara masa ruwa mai tsabta, ko tafasasshe da ɗan gishiri wanda ya huce, har datti ya fita, a rufe, a sāke ɗauri kullum. Mikin da ke warkewa zoginsa raguwa yake yi kowace rana. In ya ƙaru bayan kwana biyu ko uku, wurin ya yi zafi, kumburi yana hawa, mugunya tana wari, kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo, to cuta ta shiga, ba a kwana da shi a gida. Jan da littattafan Turai ke cewa a duba ba ya bayyana sosai a baƙar fata, don haka zafi da kumburi su ne abin lura. Mai ciwon suga kuwa ƙafarsa na iya ruɓewa bai ji zogi ba ko kaɗan.

A wurin da kakanni ke barbaɗa bagaruwa, yanzu kafso ake ɓarewa a zazzage a miki, a haɗiyi biyu ko uku a bari. Filemin da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan penisilin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da ba su jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.