Yaƙi da Babakere a Amurka: Tsakanin Inshorar Lafiya da Kamfanonin Fasaha

Dokar hana babakere, wato dokar da ke hana kamfani ɗaya ko 'yan tsiraru mamaye kasuwa har su riƙa ƙayyade farashi yadda suka ga dama, ta kafu a Amurka da Dokar Sherman ta 1890, wadda da ita ce Kotun Ƙoli ta tarwatsa kamfanin man Standard Oil a 1911. Harkar inshora kuwa ta daɗe tana cin karenta babu babbaka, domin bayan kotun ta yanke hukunci a 1944 cewa inshora ciniki ne mai ƙetare iyakokin jihohi, sai majalisa ta kafa Dokar McCarran-Ferguson a 1945, wadda ta bar sa ido a hannun jihohi, ta kuma keɓe yawancin harkar daga dokar hana babakere ta tarayya.

Keɓewar ba ta hana gwamnati ƙalubalantar haɗewar kamfanonin inshorar lafiya ba, shi ya sa a 2017 kotuna suka hana Aetna haɗiye Humana, suka kuma hana Anthem sayen Cigna, amma sai a Janairun 2021 aka janye wannan gata daga inshorar lafiya.

Kamfanonin fasaha ba su taɓa samun irin wannan kariya ba: an gurfanar da Microsoft a 1998, Google kuma a 2020, har wani alƙali ya tabbatar a Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere a binciken intanet. Shari'o'in fasaha sun fi jan hankalin jama'a, alhali ƙarancin gasa a inshorar lafiya ne ya fi taɓa aljihun magidanci kai tsaye.