Mata a tattalin arzikin Masarautar Yauri

Mata a Masarautar Yauri ta Jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, su ne ke riƙe da babban kaso na sarrafa kifi da shinkafa da ƙananan kasuwanci a gaɓar Tafkin Kainji. Sai dai kayan da ke kawo riba mai yawa, kamar kwale-kwale, taru, gona da jari, galibi a hannun maza suke. Cike wannan giɓi shi ne abin da daidaiton jinsi ke nufi a tattalin arzikin yankin, kuma yana cikin manufa ta 5 daga Manufofin Ci Gaba Mai Ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015.

Tarihi

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Neja a 1968. Tafkin da ya taru ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200, aka kuma sake wa sama da mutum 40,000 matsuguni. Cikinsu har da Gungawa, mazauna tsibirai waɗanda suka shahara da noman albasa. Ruwa ya cinye gonakin fadama da yawa, amma kamun kifi ya bunƙasa, garin Yelwa kuma ya zama babbar kasuwar kifi da fatake ke zuwa daga kudancin Najeriya.

Ayyukan mata

A mafi yawan ƙauyukan masunta, maza ne ke shiga ruwa, mata kuma su karɓi kifin su gyara shi, su yi banda ko su shanya. Da yake kifi ba ya daɗewa a zafi, wannan aiki shi ke hana abin da aka kamo lalacewa kafin ya kai kasuwa. Mata kuma suna turara shinkafa, suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, suna kiwon awaki da kaji. Waɗanda ba sa fita kasuwa kan yi sana'a a cikin gida, yara su kai talla. Shari'ar Musulunci ta ba mace ikon mallakar dukiyarta da gadonta, kuma da yawa daga cikinsu da adashi suke tara jari.

Ƙalubale

Macen da ba ta da jari kan karɓi kifi bashi, ta kuma sayar wa dillali da gaggawa a farashin da ya yanka. Rashin takardar fili da asusun banki na hana ta samun rance. Banda na cin itace mai yawa, hayaƙinsa na cutar da ido da ƙirji, raguwar kifi a tafkin kuma na rage mata aiki. Talla na raba yara mata da makaranta. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma ragowar 'yan matan ba su kuɓuta ba sai a 2023, abin da ya ƙara wa iyaye fargaba.

Shirye-shiryen tallafi

A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin Nigeria for Women Project, kuma Ngaski na cikin ƙananan hukumomin Kebbi da aka fara da su. Shirin ya ginu ne a kan tsari mai kama da adashi: mata su haɗa ƙungiya, su riƙa zubi, su ranta wa juna, su kuma koyi lissafin kuɗi. Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE na 2020, wanda ke tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare.

Muhimmanci

Kuɗin da mace ta samu yakan tafi ne kan abinci, magani da hidimar yara, don haka ƙaruwarsa na taɓa gida gaba ɗaya. Ingantaccen murhun banda na rage asarar kifi da sarar itatuwa, wato a samu ƙarin riba ba tare da an ƙara matsa wa tafkin ba.