Wa Ke Ɗauke da Nauyin? Nazari Kan Auna Taimakon Iyali ga Masu Raunin Fahimta a Yankin Dawanau

Abu biyu aka san Dawanau da su: kasuwar hatsi da ke kan hanyar Katsina, da asibitin ƙwaƙwalwa. Sunan asibitin ya yi ƙarfin da ya sa ake yi wa masu taɓin hankali da masu raunin fahimta kuɗin goro, alhali lalurorin sun bambanta. Taɓin hankali ciwo ne da kan zo wa mutum bayan yana lafiya, kuma magani na iya kwantar da shi. Raunin fahimta kuwa tun ƙuruciya yake bayyana: yaro ya makara wajen zama da tafiya da magana, koyo ya yi masa wuya, ya girma yana bukatar a kama masa a harkokin yau da kullum. Masana na ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da wannan lalura. Wasu daga dalilanta sanannu ne a wurinmu: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Kano a 1996. Babu ƙwayar da ke warkar da raunin shi kansa, sai dai a magance abin da kan biyo shi, kamar farfaɗiya. Shi ya sa mafi yawan masu lalurar suna gida, a ƙauyukan ƙaramar hukumar Dawakin Tofa da kewaye, iyali ne asibitinsu, iyali ne makarantarsu.

To, da wane ma'auni za a gane ko iyalin na iya ɗaukar nauyin? Masu bincike kan ɗauko ma'aunai daga waje. Akwai na Steven Zarit, mai tambayoyi 22, wanda aka fara tsarawa a Amurka a 1980 don masu jinyar tsofaffin da mantuwa ta kama. Akwai na Dunst da abokansa na 1984, mai tambayar iyaye wa da wa ke taimaka musu. Suna da amfani, amma an gina su ne kan ƙaramin gida na miji da mata da 'ya'ya, kuma kan zaton cewa wanda aka tambaya zai faɗi damuwarsa kai tsaye. A nan ne matsalar take. Ka tambayi uwa Bahaushiya ko ɗanta ya zame mata nauyi, za ta ce maka "Alhamdu lillahi, amanar Allah ce." Gaskiya ta faɗa, har zuci. Sai dai wannan amsa ba ta nuna cewa rabonta da gidan biki ko na gaisuwar mutuwa an jima, domin babu wanda za ta bar wa shi.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma: a ƙirga mutanen gida a ce taimako ya wadata. Gida mai mutum ashirin na iya zama gidan da mace ɗaya ce tak ke yi wa yaron wanka, ta ba shi abinci a baki, ta wanke shimfiɗar da ya ɓata da dare. In uwa ta gaza, kaka ce. In babu kaka, sai a tsayar da yayarsa 'yar shekara goma daga makaranta, kuma ba a rubuta wannan asara a takardar kowa. Ni a ganina, duk binciken da bai tambayi "wa ya yi masa wanka jiya?" ba, bai auna komai ba tukuna.

Lokacin shekara ma yana sauya amsar. Da damina maza na gona, yara na kai abinci, gida ya rage hannu. Da kaka hatsi ya shigo, ana iya samun kuɗin mota da na maganin farfaɗiya. Da rani wasu magidanta na dako a kasuwar Dawanau, wasu sun tafi cin rani. A irin waɗannan ranakun ne wata uwa kan ɗaure ƙafar ɗanta da tsumma a jikin turke don kada ya faɗa rijiya ko ya bi titi, ita kuma ta samu ta yi surfe. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto a 2019 kan ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a Najeriya, kuma ɗauri abin ƙi ne ko a ina. Amma mai nazari in ya ga igiya, ya kamata ya tambayi abin da ya kawo ta, domin sau da yawa rashin mai kama wa uwar ne.

Sai babban gwaji, wato ranar da gida ya girgiza: saki, ko mutuwa, ko auren 'yar'uwar da ke kula da shi. Fiƙihun Malikiyya ya ba uwa haƙƙin reno, bayanta kakar wajen uwa, ya kuma ci gaba da ɗora ciyarwa kan uba idan ɗa ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema. Rabon gadonsa na nan daram, waliyyi ne ke tsare masa. Tambayar ita ce ko ana aiki da hakan. Wa ke noma gonar da ya gada, kuma ina amfanin ke zuwa? 'Ya mace mai wannan lalura kuma tana da ƙarin haɗari, don akwai marasa tsoron Allah da ke fakon wadda ba za ta iya ba da labari ba.

Ma'auni nagari ba zai tsaya kan wahala kawai ba. Da yawa daga masu ƙaramin rauni na iya kiwon awaki, da ɓarar gyaɗa, da tsintar zoɓo, su je masallaci su dawo. Gidan da ya koya wa ɗansa haka ya taimake shi fiye da gidan da ya ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don gudun a ce "dolo" ko "ɗan ruwa". Shi kansa mai lalurar a tambaye shi abin da yake so, gwargwadon yadda zai iya bayyanawa.

Dokoki kam akwai su. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci a Janairun 2019, sannan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a 2023. Makarantar masu bukata ta musamman kuwa tana Tudun Maliki a cikin birni, nesa da uwar da ke ƙauye.

Kirana ga Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Dawanau shi ne su haɗu su tsara ma'auni da Hausa, gajere, wanda ma'aikaciyar lafiya ta karkara za ta iya shiga da shi cikin gida. Mace ta tambayi mace, ba a gaban miji ko suruka ba, a kuma koma gidan sau biyu, da damina da rani.