Kaset Ɗin Sangaya Da Yadda Waƙa Ta Hau Kan Labari

Yau za mu ɗan ajiye labarin da muke ciki, mu waiwayi shekarar 1999, domin a cikinta abubuwa biyu suka faru waɗanda mutane ba su cika haɗa su wuri guda ba. A watan Yuni Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa, aka kai shi Daura aka rufe. A shekarar ne kuma kamfanin Sarauniya na Kano ya saki fim ɗin Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragama.

Ba fim ɗin ne abin maganata ba, kaset ɗin waƙoƙinsa ne.

Kafin lokacin, in ka shiga shagon mai kaset a nan Zuru ka ce a ba ka waƙar Hausa, to Shata za a miƙo maka, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗanmaraya, ko Sani Ɗandawo na Yawuri. Waɗannan kuwa ba da cinikin kaset suke ci ba, a fada da gidan biki suke samun riga da doki da mota, kaset talla ce kawai. Su ma finafinan farko, tun daga Turmin Danya na 1990, labari ne jigonsu, shi ya sa ma suka riƙa jingina da littattafanmu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa.

Abin da ya sauya lissafin shi ne fiyano ɗan Yamaha, wanda situdiyo irin su Iyan-Tama suka shigo da shi. Akwati guda ne, amma a cikinsa akwai sarewa da ganga da tambari, yaro ɗaya zai zauna a ɗaki ya yi aikin da a da sai an tara makaɗa goma. Kunnen Bahaushe kuwa dama ya daɗe da sabawa da amon Indiya tun zamanin silima, har masu bandiri na juya karin waƙoƙin Indiya su yi bege da shi. Saboda haka da aka ɗora muryar namiji da ta mace suna amsa wa juna a kan wannan kiɗa, ƙasa ta riga ta jiƙa, shuka kawai aka yi.

Labarin Sangaya ba wani sabon abu ba ne, ɗan sarauta ne ya kamu da son Zubaina mai aikin gidansu, kowane marubuci a cikinmu ya taɓa irinsa. Amma tallar fim ɗin da waƙarsa sun riga shi fita, mutane suka haddace tun ba su ga fim ba. Daga Bata da Ƙofar Wambai kaset ya bi motocin haya, ya iso mana ko dai ta Gusau da Ɗaki Takwas, ko ta Kwantagora da Rijau. Abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar Zuru shi ne waƙar ba ta tambayi addini ko yare ba. Gidan da ake Dakarci an sa ta, gidan bikin Kirista an sa ta, 'yan acaɓa da masu shayi ba a magana.

A Turai ma an ga yadda waƙa ɗaya take ɗaukar faifai a ka. Mawaƙan Scorpions na birnin Hanoba a Jamus, masu kiɗan jita mai ƙarar tsiya, sun fitar da faifan Crazy World a Nuwamban 1990, shekara guda bayan faɗuwar katangar Balin, kuma waƙa mai sanyi guda, Wind of Change, ita ta ja shi har ya wuce kwafi miliyan 2 a Amurka kaɗai. To amma can akwai hukumar da ke ƙirga kowane faifai, mawaƙi kuma yana da kasonsa a kowane ɗaya. A Kano fa? Furodusa kwali yake bugawa ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su gurza kaset su zuba. Mawaƙi da mai fiyano sau ɗaya ake sallamarsu, in waƙa ta zaga duniya sai dai su ji ta a tasha kamar kowa. Mai shago a ƙauye kuwa in yana da rediyo mai baki biyu, ai shi ma kamfani ne.

Da 'yan kasuwa suka ga inda kuɗin yake, sai tambayarsu ta koma: waƙa nawa ce a ciki? Wasila ta biyo baya a 2000, daga nan ƙofa ta buɗe. Muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙassim da Yakubu Muhammad suka cika gari. Aka kai matsayin da za a fara yin waƙa, a ɗauki rawa, sannan a nemo wanda zai ɗinka mata labari. Mu marubuta a nan ne aka bar mu a tasha, kuma ni dai ina ganin fim ɗin Hausa ya yi asarar da ta fi ribar. Duk da haka ba zan ce waƙoƙin ba su da daɗi ba, wanda ya ce haka bai yi samartaka a lokacin ba.

Rawar kuma ita ta jawo ido. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano, gwamnati ta dakatar da harkar fim a Disambar 2000, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, kuma cakuɗuwar maza da mata a rawa na daga cikin abin da aka fi kafa hujja da shi. Waƙar ba ta mutu ba, sai ma ta ɓalle daga fim ta tsaya da ƙafarta, har aka zo zamanin su Nazifi Asnanic da Ali Jita da Fati Nijar, masu fitar da kundi da sunan kansu.

Shi kaset ɗin, faifan CD ne ya fara ture shi, sannan memori da masu turi a waya suka ƙarasa. Ali Nuhu kuwa, wancan ɗan sarautar, a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya.